Yadda Ake Gyaran Giyar Atomatik Ba Tare Da An San Abin Da Ke Cikinta Ba

Kai bakanike, ajiye sifanar nan ka matso. In ka bi abin da zan gaya maka daki-daki, na ɗaukar maka alkawari babu motar atomatik da za ta shigo garejinka da ciwon giya ta fita ba ta warke ba. Ƙarama ce ko babba, ta ɗaukar kaya ce ko ta ɗaukar 'yan gayu. Kuma ba sai ka san abin da ke cikin giyabos ɗin ba. Babu wanda ya sani. Waɗanda suka ƙera ta ma, da suka ga abin da suka haɗa, rufewa suka yi da sauri suka ɗaure da noti.

Ni ne wanda ake kira Mai Kunne. Ban taɓa zama a aji ba, a jikin lambar mota na koyi baƙi, ga shi yau ina rubuta maka darasi. Babbar mota ta taɓa zamewa daga jak ta kwanta a kaina, ita aka kai gyara. Batir ya fashe mini a fuska, gira kawai ya samu. Fankar inji ta cinye mini kan yatsa, har yau ban ga ta ƙara ƙiba ba. A zamanin giya mai kuloci, daga bakin titi nake jin mota in ce ga haƙorin da ya karye. Yanzu kunnen hagu ya yi ritaya, amma na daman yana aikin mutum biyu.

Zan koya maka da motar surukina, mijin Autata, don ita ce motar da ta fi kowace nauyi a rayuwata. Ga dalili. Kwanakin baya na shiga ƙarƙashin wata motar kaya ina sauraron giyabos, na rufe ido don in ji da kyau. Mai motar ya dawo ya tayar da inji zai tafi, sai da mai faci ya hango ƙafafuna ya yi ihu. Maƙiya suka kai wa tsohuwata, uwar 'ya'yana, labari wai barci nake yi. Ran nan ta ce, "Malam, ya isa. Ka ba ni makullin garejin nan in zuba kaji a ciki, kai kuma ka zauna a gida."

Na ce, "Ni? In zauna a kujera ina kallon taga?"

Ta ce, "Motar yau ta fi ƙarfinka. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

Na ce, "Da tsohuwar zuma ake magani."

Ta ce, "To ga motar mijin Auta can tana ciwon giya. In ka gyara ta, riƙe makullinka. In ta gagare ka, kaji."

Na amsa. Namiji ba ya ja da baya a gaban kaji.

Mataki na ɗaya: Ka riga mai mota sanin ciwon

Da zarar mota ta shigo, kada ka tashi. Ka karkata kai, ka runtse ido ɗaya, ka ce, "Hmm." Wannan "hmm" ɗin rabin aiki ne. Sannan ka ce, "Tana fizga, ko?" Duk motar da aka kawo gareji tana fizga, ko ta taɓa fizga, ko tana shirin yi.

Surukina ya fito ya rusuna ya ce, "Baba, sannu da aiki. Ai kuwa fizgar take yi. In na sa giya sai ta yi wani gum kamar an buge ta ta baya. Kuma ta maƙale a giya ɗaya, ba ta hawa ba ta sauka. Inji na ihu, tafiya babu."

Na ce, "Na ji tun kana shawo kwana."

Hikima: kada ka faɗi ciwo ɗaya. Ka watsa da yawa kamar mai shuka. Ni na ce haƙoran giya sun zube, na ce famfon ya gaji, na ce sanyi ya kama ta. Ko makaho ne ke jifa, in duwatsun sun yi yawa ɗaya zai sami tsuntsu.

Mataki na biyu: Nemo laifin mai motar

Mai mota da ya san yana da laifi ba ya yawan tambaya. Ka tsare shi da ido ka ce, "Wa ya taɓa ta kafin ni?"

Surukina ya ce, "Wallahi babu kowa, Baba. Wanki kawai na kai ta, suka wanke har inji."

Na ce, "Ina ruwan giya da wanka? Ni tuƙinka nake tambaya. Kana sa ribas tun ba ta gama tsayawa ba?"

Ya sunkuyar da kai. Kowa yana yi. Suruki kuwa ko bai yi ba zai sunkuyar, shi ya sa motar suruki ta fi kowace daɗin gyara: ba ya musu, ba ya duba agogo a gabanka, in ka ce taya ce ke sa giya ciwo zai ce, "Haka ne, Baba."

Mataki na uku: Duba mai, kuma a gan ka kana dubawa

Nan ka natsu, don wannan gaskiya ce tsantsa, kuma ba kullum nake ba da ita kyauta ba. Man giyar atomatik ba a duba shi kamar baƙin mai. Sai inji ya yi zafi, yana kunne, mota a wuri mai daidai. Ka taka birki ka zagaya da giyar ta duk haruffan nan, daga mai ƙaton kai da ƙafa ɗaya har zuwa mai tumbi, ka dawo da ita. Sannan ka zaro sandar, ka goge da tsumma, ka mayar, ka sake zarowa.

In man ja ne garau, lafiya. In ya yi baƙi yana warin ƙonannen girki, ciki ya ƙone. In ya yi ƙasa, ka ƙara, amma irin nasa, ja, ba baƙin man giyar manyan motoci mai kauri ba. Wancan in ya shiga, sai dai a yi wa motar addu'a.

Ka ɗaga sandar sama ka kalle ta a hasken rana. Ka shinshina. Ka murza man tsakanin yatsu. In jama'a sun taru ka ɗan taɓa a harshe, ba zai kashe ka ba, ga ni nan.

Man motar surukina ja ne garau, cike daidai layi, babu wari. Wannan shi ne mummunan labari mafi girma da bakanike zai samu, don a nan ilimin ɗan Adam ya ƙare. Amma kada fuskarka ta nuna. Na girgiza kai na ce, "Abin da nake tsoro ke nan."

Mataki na huɗu: Gwajin hanya

Ka sa mai motar a gefe, kai ka tuƙa. Ƙafarka ta hagu za ta riƙa neman kuloci, ta sami birki, goshin mai motar ya gaisa da gilashi. Ka ce gwaji ne.

In motar ta yi gum, ka ƙara rediyo. In ta sake, ka soma labarin yadda ka taɓa sauke giyabos ɗin tirela kai kaɗai a bakin hanya ana ruwan sama. Mun fita, motar na kuka kamar akuyar da aka ɗaure, masu keke suna wuce mu suna ɗaga mana hannu. Wata 'yar fitila tana ta ƙiftawa a gaban sitiyari.

Surukina ya ce, "Baba, wannan fitilar fa?"

Na ce, "Tana nuna kwan fitilar yana aiki."

Mataki na biyar: Cire kan batir ka sha shayi

Motar yau tana da ƙwaƙwalwa, kuma duk mai ƙwaƙwalwa yana riƙon abu a zuciya. Ka cire kan batir, ka sha shayinka a tsanake, ka mayar. Wani lokaci ta manta fushinta ta tafi lafiya, ka karɓi godiya. Motar surukina ta manta har bakin ƙofar gareji, daga nan ta tuna.

Ina juyowa na ga tsohuwata ta iso da kwando, ta zauna a bencina tana kallon garejin daga bango zuwa bango.

Na ce, "Me kike aunawa?"

Ta ce, "Ba komai, Injiniya. Ina ganin nan wurin ramin zai yi kyau da mazubin ruwansu."

Mataki na shida: Kafa gareji daura da mai ilimi

To, ga asirin da na daɗe ina ci da shi. Duk matakan baya share fage ne.

Tsallaken titi, daidai ƙofata, akwai wani matashi da ake kira Mai Kwamfuta. Ya yi karatun mota a makaranta, abin da ban taɓa jin ya warkar da kowa ba. Yana da wani ɗan akwati da yake soka wa mota ƙarƙashin sitiyari, wai motar ta gaya masa inda ke mata ciwo. Kai ka ji: mutum ya rasa wanda zai tambaya sai majinyacin. Shagonsa ko juyawa ba a yi a ciki, farcensa fari fat.

Amma ka riƙe wannan: mai ilimi yana jure yunwa, yana jure zagi, ba ya jure ya ji an faɗi kuskure a kusa da shi. Ciwo ne, kuma ba shi da magani.

Saboda haka kada ka taɓa roƙonsa. Roƙo na masu rauni ne. Ka juya motar ta fuskanci shagonsa, ka ɗaga bonet, ka gyara murya, ka faɗi abin da ko jaki ba zai yarda da shi ba. Ba za ka rufe baki ba zai tsallako da akwatinsa don ya kunyata ka a gaban jama'a. Ya soka, ya duba, ya gyara yana huci. Kai kuma ka ce, "Madalla, ka kusa ganewa." Tun da atomatik ta cika gari haka nake yi, kuma ko sau ɗaya yaron bai gane ba.

Na gyara murya na ce, "Wannan salansa ce ta toshe, hayaƙi ya koma cikin giya!"

Mai Kwamfuta na zaune a ƙofar shagonsa yana latsa waya.

Na ƙara murya. "Ko kuma iskar taya ce ta yi yawa, giyar ta kasa gane nauyin motar!"

Kafaɗarsa ta motsa kamar an tsikare shi da allura, amma bai tashi ba. Ya ɗago ya dubi bencina, ya mayar da kai. Ban san abin da yake nema a bencin ba, tsohuwata ce kawai a kai. Da safe ma na ga ta leƙa shagonsa, ta ce wayarta ce ba ta caji.

Surukina ya ce a hankali, "Baba, ko in kira shi ya ɗan..."

Na ce, "Ka kira wa? A garejina?"

Ya ce, "A'a, Baba, mai shayi nake nufi."

Mataki na bakwai: In bai taso ba, ka tsoratar da motar

Ruwa ba ya tsami banza, amma kai ba ka da lokacin binciken ruwa. In magana ba ta tayar da shi ba, aiki zai tayar.

Na shiga ciki na ɗauko galan ɗin baƙin man nan mai kauri da na hana ka ɗazu. Na kafa mazurari. Na ɗaga galan sama yadda har makaho zai gani daga tsallake. Na ce, "Jan man nan ruwa ne, ba ya riƙe ciki. Bari ta sha na maza."

Mai Kwamfuta ya miƙe zumbur, wayarsa ta faɗi. Ya sa ƙafa ɗaya a titi. Ya sake duban bencin. Tsohuwata ta girgiza kai, ina ganin ƙuda ne ya dame ta. Ya koma ya zauna ya dafe kai da hannu biyu.

To ni ba mahaukaci ba ne da zan zuba. Na tsaya da galan a sama har na ga ba zai taso ba, sannan na ce man ya kwana biyu, na ajiye.

Tsohuwata ta ce, "Malam, rana na yi. In kawo su gobe ne ko jibi?"

Nan ne za ka gane bambancin bakanike da mai sayar da kayan mota. Na ce, "Miƙo min jak. Giyabos zan sauke."

Surukina ya ce, "Baba, kai kaɗai?"

Na ce, "Da wa na sauke ta tirela?"

Na ɗaga motar. Na shimfiɗa kwalina, wanda ya san bayana fiye da katifa. Gwiwoyina suka yi ƙara, mai faci ya leƙo yana tambaya ko taya ce ta fashe. Na kwanta na ja jiki na shige.

Kai bakanike, ban sani ba ko ka taɓa kallon cikin giyar atomatik daga ƙasa. Ba ta da fuska. Giya irin ta da, kana gani ka san ga baki ga wuya. Wannan tulu ne rufaffe, wayoyi sun fito mata ta ko'ina, tana kallonka ba ta san ka ba. Na sa sifana a noti na farko, sifanar ta yi ta rawa. Sifanun yanzu ba su da nauyi. Jak ɗin ma ya ɗan yi wani ƙiiƙ, irin wanda na taɓa ji sau ɗaya a rayuwa. Na tuna kujerar nan ta gida da ke fuskantar taga, inda ba abin da ke wucewa sai masu tallan bokiti. Na ƙara riƙe sifanar.

Daga ƙarƙashin mota ƙafafu kawai ake gani. Na ga silifas ɗin tsohuwata sun sauka daga benci. Sun tsaya kusa da jak. Sun juya sun tsallaka titi da saurin da ban san suna da shi ba, ko duba mota ba su yi ba. Kunnen dama ya tsinto mini ƙarshen maganarta: "...na janye, ɗana. Je ka, kafin ya kashe mini kansa." Ina jin surukina take nufi, don ya damu da motar nan ƙwarai.

Sai ga farin takalmin Mai Kwamfuta a guje.

"Baba, fito don Allah! Fito, kada ka kwance komai!"

Ka gani? Ba ya jurewa.

Mataki na takwas: Karɓi nasararka da hannu biyu

Kada ka fito da sauri. In ma bayanka ya riƙe, ka bari su ja ka ta ƙafa, ka ce kana gwada santsin kwalin ne.

Mai Kwamfuta ya sauke jak tukuna, ya soka akwatinsa, ya karanta. Ya ce wa surukina, "Yaya, an wanke injin nan kwanan nan?"

Surukina ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "An ɗan wanke."

Yaron ya zura hannu gefen giyabos ya zaro wani soket da bai kai kan yatsana da fanka ta cinye ba. Ya ce na sansar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar motar gudun da take yi ne. Ruwa ya shiga, bakin ya yi kore. Da motar ta daina jin gudunta, sai ta tsorata ta maƙale a giya ɗaya don kada ta ji wa kanta ciwo. Ya hura, ya fesa wani abu, ya goge, ya mayar har ya yi ƙas.

Suka zagaya da ita. Ta dawo tana sauya giya kamar ana shafa mai a burodi, fitilar ta mutu.

A nan ne shukar da ka yi a mataki na ɗaya za ta yi maka rana. Na ce, "Jama'a, me na ce da safe? Ban ce sanyi ya kama ta ba? Mota ta yi wanka ba a goge ta ba. Kuma wa ya fara tambayar wanda ya taɓa ta?"

Surukina ya ce, "Kai ne, Baba."

Mai Kwamfuta ya buɗe baki. Ciwon nasa ya taso, na ga yana haɗiye shi da ƙyar. Ya dubi tsohuwata. Ya ce, "Haka ne, Baba. Sanyi ne."

Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ka kusa ganewa."

Na juya wurin tsohuwata na karkaɗa makulli. Ta ce, "Riƙe abinka, Injiniya. Ka ci." Sai ta buɗe kwando ta fito da kular abinci biyu. Ta ajiye mini ɗaya, ta miƙa wa Mai Kwamfuta ɗaya.

Ya karɓa ya ce, "Na gode, Mama. Ta jiya tana shago, na wanke. Ta shekaranjiya ma."

Na yi ta tunanin wannan magana, daga baya na gano dabarar. Ashe matar nan ta daɗe tana cika wa abokin gabana ciki don jikinsa ya yi nauyi ya kasa gasa da ni. Ka ga mace mai kishin mijinta. Ban nuna mata na gane ba, kada kanta ya kumbura.

Da za ta tafi ta naɗe kwalina ta sa a hammata, ta sa surukina ya ɗauki jak ya sa a but. Wai kajin a bayan gida za ta ajiye su, kuma suna bukatar shimfiɗa. Me kaji za su yi da jak, ban tambaya ba. Na bar mata. Ai babban likita ba ya shiga ƙarƙashin gado. Yanzu a benci nake zama da makullina a aljihu, mota ta shigo in ce "hmm," in faɗi ciwo da ƙarfi, yaron ya tsallako.

Hattara

Duk wanda ya bi matakan nan giyarsa ta ƙone, ko jak ya zame, ko surukinsa ya zama mai baki, ko ya wayi gari ya tarar da kaji a ramin garejinsa, kada ya zo ƙofata. Ban san shi ba, ban gan shi ba, in ya yi magana ma ta kunnen hagu zai yi. Ni na faɗi abin da ya yi mini aiki, kuma bai taɓa ƙin yi ba.

In naka ya ƙi, ka duba ko ka tsallake wani mataki. In ba ka tsallake ba, to ka leƙa gida ka ga kula nawa ake zubawa da rana. Ni dai ban ga abin da ya haɗa wannan da gyaran mota ba, amma tsohuwata na tsaye a kaina, ta ce in rubuta.